Koken Nasiru Direban Bas

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina kan teburin nan na ofishin ba da shawara a Lewisham, cikin kudancin Landan, kuma zan faɗa ba don yabon kai ba, ko da yake yabon ma na cancanta: daga nan har Plumstead babu mai alƙalami irin nawa. Na taɓa rubuta wa council, wato ƙaramar hukuma, takarda a kan wata tsohuwa da ruwa ke ɗiga mata a ɗaki, aka ce ma'aikacin da ya karanta sai da ya nemi hankici. Na rubuta wa wani mai gida da ya riƙe wa ɗalibi kuɗin ajiya, ya dawo da kuɗin, ya ba da haƙuri, saura kaɗan ya haɗa da flat ɗin. In na shiga wajen suna, matsa mini kujera ake yi ana cewa ga mai takarda ya iso.

Shugabarmu, Madam Rifkatu, ta ce in rubuta muku labarin aiki ɗaya, ku sababbin ma'aikata, wanda za ku ƙaru da shi. Na kai mata guda bakwai da na yi nasara a cikinsu. Ta ture su gefe da bayan biro, ta ce na Nasiru take so. To, ga na Nasiru, na dai canja sunayen mutanen. Ranar ba ta taɓa fita raina ba, kuma da alama a ofishin nan ba za a bar ta ta fita ba.

Sai na fara da yadda abin yake, don wanda bai sani ba. A ƙasar nan, in miji da mata sun rabu, wanda yaran ba sa zaune wurinsa yana biyan kuɗin kula da su duk wata. Akwai hukumar gwamnati da ke yanke adadin, kuma albashi take dubawa, ba fuska ba. Ƙa'idoji biyu nake so ku riƙe. Ta farko: in mai biya ya ce samunsa ya ragu, ba za a sake masa lissafi ba sai raguwar ta kai kashi ɗaya cikin huɗu. Ta biyu: in yaran suna kwana wurinsa aƙalla dare ɗaya a mako, ana yi masa rangwame, tunda a daren shi ke ciyar da su. Waɗannan ƙa'idojin na san su kamar sunana. Ni nake koyar da su. Ku riƙe wannan ma, zai yi muku daɗi nan gaba.

Wata Talata ce a watan Nuwamba, ana ta yayyafin nan da ba ya jiƙa mutum sai ya gama ɓata masa rai. Sai ga wani ya shigo, dogo, da gyalen wuya mai tambarin jami'a ya naɗe shi sau uku, katin ɗalibi na lilo a ƙirjinsa, ga wani ƙaton littafi ya rungume, ya juya bangon waje don kada wani ya wuce bai karanta sunan ba.

Ya ce, "Salamu alaikum. Kai ne Barista Sani?"

Ni ba barista ba ne. Kusancina da makarantar lauyoyi shi ne na taɓa fakewa daga ruwan sama a ƙofar wata. Dokar ofis ta ce in mutum ya ɗauke ka lauya, ka gyara masa nan take. Na ce, "Wa alaikumus salam, bisimilla, zauna." Ban ce e ba, ban ce a'a ba.

Sunansa Nasiru. Direban bas ne, shekara tara yana jan mai hawa biyu. Sun rabu da matarsa Hadiza shekara biyu da suka wuce, yara biyu suna wurinta a Plumstead, mace 'yar shekara tara da namiji ɗan shida. Ita tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Shi kuma ya samu gurbin digiri na biyu a wata kwaleji a Bloomsbury, kwas ɗin shugabanci da ci gaban ƙasashe, don haka ya je da ƙafarsa ya roƙi manajan garejinsu ya mai da shi kwana uku a mako maimakon biyar. Babu wanda ya kore shi, babu wanda ya rage masa. Yanzu yana so a rage kuɗin yara.

Ya ce, "Barista, ni fa ba don kaina nake yi ba. Ƙasarmu na buƙatar irinmu. Ina gamawa zan koma gida, an ma fara magana."

"Maganar me?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ina gabas take. "Takara mana."

Na ce, "Allah ya ba da sa'a. Ita uwar yaran ta san da zancen ragin?"

"Ta sani. Wai ba ruwanta da degree ɗina, ita after school club ta sani."

Abin da yake nufi, kuɗin da yake bayarwa da shi take biyan wurin da ke riƙe yaran bayan an tashi makaranta, har ita ta tashi aiki ƙarfe shida. In kuɗin ya ragu, dole ta riƙa barin aiki ƙarfe uku ta ɗauko su. In ta bar aiki ƙarfe uku, albashinta ba zai kai hayar flat ba. Da bakinsa ya zayyana mini wannan, tiryan-tiryan, amma a matsayin shaidar ƙarancin tunaninta. Ya rufe da cewa, "Ka san mata, Barista, babu vision."

Mutumin da zai ciyar da ƙasashe gaba ke nan, ana maganar inda 'ya'yansa biyu za su zauna daga ƙarfe uku zuwa shida, yana duba bangon littafi. Mai hankali a nan zai ɗan dakata. Ni kuwa a lokacin ya kira ni Barista sau bakwai, ina ƙirgawa, kuma kowanne yana shiga jikina kamar shayi mai madara.

Tsarin aikinmu a irin wannan a bayyane yake. Ka karɓi takardun albashin mutum na 'yan watannin nan, ka buɗe, ka haɗa, ka gwada da abin da hukuma ke da shi a rubuce. In raguwar ta kai kashi ɗaya cikin huɗu, ka rubuta layi uku ka haɗa da takardun. In ba ta kai ba, ka gaya masa gaskiya ya tafi. Nasiru ya miƙo mini ambulan mai kauri. Na auna shi a tafin hannu. Na ce a raina, daga kwana biyar zuwa uku, ko ɗan firamare ya san an wuce kashi ɗaya cikin huɗu, me zan ɓata lokaci ina buɗewa? Na ajiye shi gefe, na jawo kwamfuta, na naɗe hannun riga.

A nan sai na gaya muku inda na koyi rubutu. Kawuna yana da tebur da tafireta a ƙofar gidan waya a garinmu, yana rubuta wa mutane koke zuwa ga hukuma. A gefensa na tashi. A wurin Kawu, koken da bai sa mai karatu tausayi ba ɓarnar takarda ne. In mutum ya ce akuyarsa ta mutu, Kawu zai rubuta garke ya ƙare. In ya ce ƙafarsa na ciwo, Kawu zai rubuta ya kusa rarrafe. Kuma ba ƙarya ake ɗaukar wannan ba, don wanda zai karanta shi ma ɗan garin ne, yana karantawa yana zubar da rabi. Kowa ya san awon. Da wannan awon na zo Landan, na sa masa kwat da Turanci, kuma shekara da shekaru yana ci mini.

Sai na shiga haƙo wahala a jikin Nasiru.

"Da rana me kake ci?"

"Sandwich."

Na rubuta cewa rabonsa da abinci mai zafi har ya manta.

"A jirgin ƙarƙashin ƙasa kana samun wurin zama?"

"Wani lokaci."

Na rubuta cewa a tsaye yake karatu, jama'a na tura shi hagu da dama, bai fasa neman ilimi ba.

"Asabar da Lahadi fa?"

Ya ɗan gyara gyalen wuyansa. "Library."

"To yaran fa? Ba ranar Asabar suke kwana wurinka ba?"

Ya ce, "Haba Barista, ina lokacin? Tun da aka fara term a Satumba ba su kwana wurina ba."

Na bugi tebur har biro ya faɗi. Na ce, "Allahu akbar! Ka ga sadaukarwa!"

Ku duba fa. Ni, mai koyar da ƙa'idar kwana. An ajiye mini ita a gaba, tsirara, amma abin da na gani kawai wuri ne mai sa hawaye. Na zauna na ƙera jimlar da har yau, in an cire abin da ta jawo, ina ganin ba a taɓa rubuta irinta a kudancin Landan ba. Ma'anarta da Hausa: tun daga watan Satumba wannan bawan Allah bai kwana rufi ɗaya da 'ya'yan cikinsa ba ko da dare ɗaya, kuma ba ya sa ran hakan har sai ya kammala karatunsa nan da shekara biyu. Wannan na ƙarshen, na shekara biyu, bai faɗa ba. Ni na ƙara, don na ga jimlar tana son jela.

Shafi huɗu. Na karanta masa da murya, ina sassautawa inda ya kamata. Ya cire tabarau ya share ido. Ya ce, "Wallahi Barista, ban san ina shan wahala haka ba." Ya karɓi biro ya sa hannu, irin sa hannun nan mai tsawo da lanƙwasa wanda ka san an daɗe ana gwajinsa don ranar rantsarwa.

Saura mataki ɗaya. Kowace takarda da za ta fita da tambarin ofishin nan sai ta bi ta teburin Madam Rifkatu. Ga waɗanda ba su yi aiki da ita ba tukuna: 'yar Jos ce, Hausarta ta fi tawa kaifi, kuma tana da wani jan biro da ba ya ƙarewa. In na kai mata shafi uku, abin da ke dawowa bai fi tikitin bas ba. Ran nan tana taro a council. Na dubi takardata, na tuna jan biron, na ji tausayin takardar. Na haɗa ta da ambulan ɗin da ban buɗe ba, na buga tambari, na kai gidan waya da kaina.

Washegari ta tsaya a kaina da fayil a hannu.

"Malam Sani, na ga an buɗe wa wani Nasiru fayil. Ina takardar?"

"Ta tafi, Madam. Abin gaggawa ne."

"Shafi nawa?"

"Huɗu."

"Shafi huɗu a kan albashi? Tarihin kakanninsa ka haɗa?" Ta juya fayil ɗin. "Ina lissafin takardun albashin?"

Na ce, "Madam, idon nan ya ga aiki. Akwai lissafin da ba sai an rubuta ba."

Ta rubuta wani abu a gefen fayil da jan biron, ta wuce. Na bi ta da kallo ina tausaya mata, don akwai mutanen da Allah bai ba su jin daɗin rubutu ba.

Cikin watan Janairu Nasiru ya dawo. Babu gyalen wuya, babu littafi, babu sallama. Tun daga bakin ƙofa na ji, "Kai, Sani!" Baristan ya faɗi a hanya.

Ya jefo mini amsar hukuma a tebur. Shafi ɗaya ne, ba ko kalmar jaje. Sakin layi na farko ya ce sun duba takardun albashin da aka aiko, sun ga kusan kowace Asabar da Lahadi yana aikin ƙarin lokaci, wanda kuɗinsa ya fi na ranakun mako. In an haɗa, raguwar ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, don haka babu ragi. Sakin layi na biyu ya ce bisa bayanin da ya sa wa hannu da kansa, yaran ba sa kwana wurinsa kuma ba za su kwana ba har shekara biyu, don haka an cire rangwamen kwana. Sabon adadin yana rubuce a ƙasan shafin. Ya fi na da.

Na karanta sau biyu. Na ɗago na ce, "Malam Nasiru, laburaren naka mai taya ne?"

"Kada ka kawo mini wasa! School fees fa? Wa zai biya mini? Dole in yi overtime."

"To me ya hana ka gaya mini?"

"Ka tambaye ni? Ba ga shi nan a ambulan ba? Na ba ka a hannunka!"

Mutumin ya yi mini ƙarya da baki, ya kuma miƙo mini gaskiya a ambulan, ni na zaɓi wadda ta fi daɗin rubutawa.

Ya ce in zauna yanzun nan in rubuta musu cewa kuskure ne, yaran suna kwana wurinsa duk Asabar. Hayaniyar ce ta fito da Madam Rifkatu. Ta ɗauki amsar ta karanta a tsaye, ta ɗauko kwafin takardata ta karanta shafi huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, a gabana, ba ta tsallake ko layi ba. Ban taɓa jin shafi huɗu sun yi tsawo haka ba. Da ta zo kan jimlar jela sai ta ɗago ta dube ni, ta mai da kai.

Ta ce masa, "Malam, zauna. Ofishinmu ya yi maka kuskure, ba a duba takardunka ba kafin a aika, kuma kana da damar kai ƙararmu, zan ba ka fom. Kana kuma da wata ɗaya ka nemi hukuma ta sake duba hukuncin. Amma ƙarya ba za ta fita da tambarinmu ba. Yaran suna kwana wurinka?"

Ya girgiza kai.

Ta ce, "To ga hanya mai sauƙi. Ka bar aikin Asabar, ka ɗauko 'ya'yanka su kwana wurinka. Rangwamen zai dawo. In ka bar aikin, wataƙila ma samunka ya ragu da gaske har a sake maka lissafi. Babu wanda ya hana ka karatu. Ka dai zaɓa."

Nasiru ya zauna yana tunani. Na ce a raina, to, yau dai uba zai farka a cikin ɗan takarar nan. Can ya ɗago ya ce, "Madam, in na ɗauko su na kai su gidan yayata a Woolwich suka kwana can, ni na tafi aiki, za a lissafa?"

Ta rufe fayil ɗin a hankali. Ta ce, "Malam, ƙofar tana bayanka. Ka ja ta sosai, tana da nauyi."

Bai karɓi fom ɗin ƙarar ba. Ni kuwa na karɓi nawa hukuncin: wata uku ko katin gaisuwa ba zan aika ba sai ta gani, kuma daga ran nan babu takardata da ke wuce shafi ɗaya. Har yau dokar na nan. Wannan da kuke karantawa ne kawai aka ɗaga mini ƙafa, shi ma don kunyata ce a ciki.

Abin da zan ce muku kaɗan ne. Mutane da yawa za su zo muku sun rage aiki don karatu, kuma yawancinsu mutanen kirki ne. Na ga mai share asibiti da ta zama nas, na ga mai gadi da ya zama malamin makaranta, kuma sun yi ba tare da sun ɗora wa 'ya'yansu kuɗin makarantar ba. Ku taimake su. Amma ku buɗe ambulan kafin ku buɗe baki. Ku sani mai karanta takardarku a nan ba ɗan garin Kawu ba ne, ba ya zubar da rabi. In ka rubuta garke ya ƙare, zai shigar da cewa ba ka da akuya ko ɗaya, ya yanke hukunci a kai. Kuma kowace takardar ragi tana da wani a ɗaya bakin, wanda ba ya cikin ɗakin, ba zai kira ka Barista ba, kuma shi ne zai tsaya a ƙofar makaranta ƙarfe uku.

Ita ta ɗaya bakin na gan ta a watan Fabrairu. Wata mata ce ta shigo da yamma, da alama ranar ta tashi aiki da wuri, da rigar aikin gidan tsofaffi a ƙarƙashin kwat, tana riƙe da kula. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce ita ce Hadiza. Na gyara zama na ce mata aikinmu na sirri ne, ba zan iya cewa na san wani ko ban san shi ba.

Ta ce, "Ba sai ka ce komai ba, Malam. Hukuma ta aiko mini kwafi, ga sunanka a ƙasa da tambari. Tun Satumba nake buga musu waya ina cewa ba ya ɗaukar yaran. Su kira shi, ya ce yana ɗauka. Su ce tunda ba mu daidaita ba, sun bar lissafin a dare ɗaya a mako. Sau uku ana haka, har na haƙura. Sai ga takardarka." Ta ajiye kular a tebur ta buɗe. Masa ce, da zafinta, da yaji a ƙulle. "Na karanta ta a bas, sai da na yi hawaye."

Duk da abin da ya faru, sai na ji ƙirjina ya ɗan buɗe. Na ce, "Ai haka mutane ke faɗa. Wane wuri ne ya fi taɓa ki?"

"Wurin abinci mai zafi. Dariya na yi har direba ya leƙo ta madubi."

Madam Rifkatu ta fito ta ce doka ta hana ma'aikaci karɓar kyauta shi kaɗai. Ta ɗauke kular ta kai kicin don kowa ya samu, ta ci huɗu a tsaye. Ni ɗaya ta rage mini, mai ƙonannen gefe.

Hadiza ta gyara mayafinta za ta fita, don shida ta kusa, za ta ɗauko yara. Ta kai bakin ƙofa sai ta juyo.

Ta ce, "Malam, na ji an ce zai sake neman ragi in an shiga sabuwar shekarar karatu. Don Allah, in ya zo, kada ka bari kowa ya rubuta masa sai kai."